Kabewar Bayan Ɗakin Inna

Shekarar da na haifi ɗana na fari, gida na tafi wankan jego, ƙauyenmu da ke gefen Kurugu. Damina ta yi nisa, dawa ta fara fitar da kai. Na tarar Baba ya sami sabon abin da ya ɗauke masa hankali, wata kabewa ce a bayan ɗakin Inna.

Inna ce ta ba ni labarin. Wai wata rana yana jin rediyo aka ce a ƙasar Turawa ana rubuta sunan duk wanda ya fi kowa a duniya: wanda ya fi tsawo, wanda ya fi gudu, macen da ta fi dogon gashi, har da manomin da kabewarsa ta fi ta kowa nauyi. Baba ya kashe rediyon, ya ce, "Tsawo na Allah ne, gudu kuma an bar wa yara. Amma kabewa ai noma ce."

Washegari ya zaɓi kabewa ɗaya, ya tsinke sauran tun suna ƙanana.

"Malam, ka zubar min da na miya saboda guda ɗaya?" in ji Inna.

"Ki yi haƙuri, wannan za ta ishe ki har ki gaji."

Ya zuba wa gindinta takin tumaki, ya shimfiɗa mata yashi kada ƙasanta ya ruɓe, ya kafa mata 'yar rumfar kara. Kullum da ya dawo daga masallacin asuba sai ya zagaya ta da igiya, ya ɗaure ƙulli a inda ta kai.

Ni kuwa ba ni da aiki sai wanka da ruwan zafi, da shan kunun kanwa, da barci. Tagar ɗakin tana kallon rumfar. Da hantsi, in jariri ya sha ya kwanta a ƙirjina, jikina duk ya mutu, sai in zuba wa kabewar ido har in rasa ko a farke nake. Wani lokaci in ga ta kai girman ɗaki, an ƙwaƙule cikinta, tana shawagi a kan ruwan dam ɗin Challawa. Ni da jariri muna zaune a ciki, bangon ya yi ruwan ɗorawa, Baba yana tuƙi da gora, mutane a gaɓa suna ɗaga mana hannu. Sai akuya ta yi kuka in farka.

Labari ya bazu. Wasu magidanta suka zo a babur tun daga Rogo Ruma, suka tsaya suna salati. Mai unguwa ma ya zo, ya dafa ta a hankali, ya ce tun da yake bai taɓa ganin irinta ba. Baba dai murmushi kawai yake yi, yana korar kaji.

Wata Juma'a maigidana ya zo duba mu daga Karaye. Ya durƙusa ya gai da Baba, aka gama tambayar mutanen gida da ruwan bana. Sai Baba ya ce, "An ce wayar nan taku ba abin da ba ta nunawa. Nemo min ta Baturen in gani."

Maigidana ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya nemo hoton ya miƙa da hannu biyu. Daga baya ni ma na gani. Kabewar ta cika bayan mota, inji ne ya ɗora ta, mai ita yana tsaye a gefe ta kusa kai masa ƙirji. Tamu a gabanta kamar 'yar tsana ce.

Baba ya daɗe yana kallo.

"Masha Allah," ya ce. "Me yake ba ta? Daminarsu ta fi tamu tsawo ne?"

"Baba, ai an ce irin wannan ba ta da daɗi, duk ruwa ce," in ji maigidana.

"A'a, kada ka rage masa. Mutumin nan ya yi aiki." Ya sake matso da wayar kusa da idonsa. "Ka ga shi ma rumfa ya yi mata."

Ranar har bayan la'asar yana cikin fara'a, kamar wanda ya sami labarin wani ɗan'uwa da ya daɗe a nesa.

Da kaka ta shigo, hannun kabewar da ke haɗe da yaɗonta ya bushe, lokacin komawata ma ya yi. Maƙwabta suka taru suka mirgina ta kan buhu, suka kinkimo ta tsakar gida suna nishi suna dariya. Da adda Baba ya fasa ta. Ƙamshinta ya cika gidan. Inna da ƙawayenta suka ɗora manyan tukwane, aka yi miyar taushe da gyaɗar bana, aka soya funkaso, aka yi ta aikawa gida-gida. Duk wanda ya zo karɓa sai ya roƙi iri, Baba yana damƙa wa kowa a tafin hannu.

Shi ne na ƙarshen ci. Ya zauna a tabarma ya cinye nasa tas, ya miƙa wa Inna kwanon ya ce a ƙara.