Kawuna Ɗaga-Murya

Kawuna, yayan mahaifiyata, malamin adabi ne a sashen Turanci na jami'ar da na yi karatu. Ɗalibai ba sa kiransa da sunansa sai a gabansa. A bayan idonsa Ɗaga-Murya suke ce masa, domin duk wanda ya kai masa rubutu, waƙa ce ko labari, ba ya karɓar takardar. Sai ya jingina da kujera, ya harɗe hannu a ƙirji, ya ce a karanta masa, a kuma ɗaga murya. Yana cewa jimlar da ta sa mai ita tuntuɓe a baki, to a takarda ma gurguwa ce.

A gidansa na zauna shekarun karatuna. Umma ce ta kai ni da kanta, ta ce wa yayan nata ga amana. Ya ce ya karɓa, amma a sashe bai san ni ba. Haka kuwa aka yi. A gida ni 'yarsa ce, ina taya Anti, matarsa, wanke-wanke. A aji kuwa ya taɓa ce mini labarina kamar buhun da aka cika da auduga ne, ga girma ba nauyi. Na dawo gida ina kumbure-kumbure, shi kuwa ya miƙo mini kofin shayi kamar ba shi ba.

Ofishinsa na ƙarshen baranda ne, kusa da matattakala. Littattafai sun cinye kujerar baƙi, don haka a tsaye ake ganinsa. A ɗakin da ke jikin nasa, duk ranar Laraba da yamma, yake tara masu sha'awar rubutu. Ba darasi ba ne, ba maki, amma ɗakin kan cika har wasu su zauna a kan taga. Mai waƙa ya karanta, mai wasan kwaikwayo ya raba wa abokansa rawar da kowa zai taka. Abin da ya tsira daga wannan ɗakin shi ake bugawa a 'yar mujallar sashe, wadda muke gurzawa da wani tsohon inji mai fesa baƙin tawada. Har yau in na ji warin tawada sai in tuna farar rigar Kawu da ba ta taɓa komawa gida fes ba.

Wannan hidima ce ta cinye masa lokaci. Sa'o'insa suka yi ta hawa matakai, shi yana nan a babban malami. Cikinsu har da farfesan nahawu, wanda suka fara aiki tare a ofis ɗaya tun suna samari. Mutum ne dogo, mai ƙulle fuska, wanda waƙafi ɗaya in ya zauna ba a wurinsa ba sai ya hana shi sukuni. Shi da Kawu ba sa haɗuwa a ɗakin shan shayi ba su yi musu ba. Farfesa ya ce taron Laraba hira ce da aka sa wa rigar ilimi. Kawu ya ce Farfesa likitan gawa ne, sai jimla ta mutu yake iya duba ta. Mu ɗalibai mun ɗauka ba sa ga maciji da juna.

A shekarata ta ƙarshe idon Kawu ya ja baya sosai. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Anti kaɗai ta sani, sai ni da na ga yana laluben kofi a kan tebur. Ya roƙe mu kada maganar ta fita, don yana tsoron a ce ya ajiye aiki kafin lokacinsa. A aji ba wanda ya gane, tun da dama karanta masa ake yi, kuma waƙoƙin da yake koyarwa duk suna kansa. Jarrabawa ce ta zama matsala. Takardun amsa ba a fita da su daga sashe, ba kuma a ba ɗalibi ya gani.

Wata rana da rana na je ofishin Kawu karɓar makullin gida, na tarar da shi ya kusa manna takarda a hanci, ga tulin wasu a gabansa ko ɗaya bai taɓa ba. Ina tsaye sai ga Farfesa ya leƙo neman wani littafi. Ya dubi Kawu, ya dubi takardar, wadda a juye take. Ya ce mini in ba su wuri. Na fita, amma ban yi nisa da ƙofar ba.

Na ji an kwashe littattafan kujerar baƙi an zube a ƙasa. Sai muryar Farfesa: “Tun yaushe?”

Kawu ya ce tun bara.

“Kuma ofishina yana nan kusa, ka kasa buɗe baki. Ba ni ta farko. Ni zan karanta, kai ka ba da maki. Kuskuren nahawu kuwa ba zan iya wuce shi ban faɗa ba, sai ka yi haƙuri.”

Haka suka yi wannan jarrabawar, da duk waɗanda suka biyo baya har Kawu ya yi ritaya. Farfesa da kansa ya je ya yi wa shugabar sashe bayani, ta amince. Da yamma in ka wuce ƙarshen baranda sai ka ji shi yana karanta amsar wani ɗalibi da muryarsa mai kama da sanarwa, Kawu yana katse shi yana cewa yaron nan yana da kunne, shi kuma yana cewa kunne ba ya hana faɗuwa. Daga baya har taron Laraba ya fara zuwa, ya zauna can baya da jaka a cinya. Bai taɓa yabon kowa ba, amma bai taɓa fashi ba.

Farfesa ne ya riga shi rasuwa. Bayan an yi kwanaki, Kawu ya ce in kai shi sashen. Lokacin ina koyarwa a wata makaranta, na ɗauki hutun yini. Ya ƙi riƙe hannuna a baranda, ya bi bango da tafinsa. Ɗakin Laraba ya zama ɗakin kwamfuta, ofishinsa kuma wata matashiyar malama ce a ciki. Ta fito da fara'a ta ce, “Baba, ɗanka kake nema? Wane aji yake?”

Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce 'ya'yan nasa sun gama tuntuni. Na gaya mata ko shi wane ne, kunya ta kama ta, ta shiga neman kujera. Ya zauna suka yi hira mai tsawo a kan abin da take koyarwa, ya tambaye ta ko har yanzu yara suna rubuta waƙa. Ta ce suna yi, a waya. Ya ce ta turo mini wasu in karanta masa. Da muka sauko ya tuna mini Anti ta ce mu biya kantin magani mu karɓo masa na ɗigawa a ido, sai muka bi ta ƙofar baya, wadda ta fi kusa.