Iskokin Madam Juwairiyya

Juwairiyya 'yar Guci ce, fitsik, wani fannin kimiyya, take koyarwa a lakwal ɗin Waca, kuma tun tana yarinya ba ta iya magana a hankali ba. Wannan baki shi ya ja mata.

Wani tsohon malaminta na jami'a ya sa mata wani lissafi a ordinatar, wato kwamfuta. Lissafin yakan tara ƙasa da tsakuwa kewaye da tauraro har su dunƙule kamar dawo, su zama duniya. Aikinta ta gwada duniyoyin da ya fitar da waɗanda masana suka hango da gaske. Girma yakan yi daidai, amma iskar da ke lulluɓe da su kullum sai ta yi kauri fiye da ta ainihi. Abin yana ƙona mata rai. Salima kaɗai, ɗalibarta mai kai, take zama bayan an tashi su yi ta dubawa.

Ranar kasuwar Dungas, cikin taksi maƙil, malamin, wanda take ce wa Mushe irin na Faransanci, ya kira ta a waya.

"Mushe, iskokin nan sun ƙi bina!" ta ce da ƙarfi. "Kowace duniya na haɗa sai su cika ta!"

Shi ke nan fa! Kafin motar ta isa Waca, Madam ta zama mai aljanu. Mutanen da ta koyar da 'ya'yansu shekara da shekaru, ko ɗaya bai tako ya tambaye ta ba. Abin haushi! Dikko, uban Salima, ya cire 'yarsa daga lakwal.

Juwairiyya ta same shi yana ba shanu dusa.

"Baba Dikko, iskar da kake shaƙa nake nufi, wallahi! Wadda ke kaɗa maka gero!"

"Na yarda, Madam," in ji shi. "Amma gari ya riga ya faɗa. Ba zan bari a ce 'yata ta taɓu ba."

Ta koma gida cikin fushi.

Bayan girbi ta ga Salima a kasuwa zaune gaban ƙwaryar nono. Yarinyar ta waiga ko uwarta na kallo, ta yi ƙasa da murya.

"Madam, iskar ta ragu?"

"Ba ta ragu ba. Ke nake jira."

Uwar ta juyo, ta ja ƙwaryar da 'yar gefe guda.