Baba Tukuna da Labarin Tayar Baya

A layin nan babu wanda bai san farkon labarin Baba Tukuna ba, babu kuma wanda ya san ƙarshensa.

Direban babbar mota ne a da. Da ido ya fara yi masa gardama sai ya ajiye tuƙi, ya dawo gidan 'yarsa da mijinta, aka ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa. Mutum ne mai tsafta, ba ya faɗa, ba ya gulma. Aibinsa ɗaya ne, labari. Labarin ma guda ɗaya ne tak, na ranar da tayar baya ta fashe masa a kan wata gada. Muryarsa kuwa irin ta injin da aka bari a kunne mota na tsaye, ba ta hawa, ba ta sauka.

Kuma ba daga gadar yake farawa ba. Daga wayewar gari yake ɗaukowa, yadda ya duba ruwan lagireto, ya duba baƙin mai, ya bi tayoyi yana ƙwanƙwasa su da sanda. In mutum ya gaji ya ce, "To Baba, sai tayar ta fashe?" sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tukuna. Ban zo wurin ba." Daga nan sunan ya manne masa.

Mai aski ya taɓa barinsa da rabin kai, wai ana kiransa a gida. Mai shago in ya hango shi sai ya kara waya a kunne, ko da babu caji a cikinta. Wanda ya fi kowa juriya shi ne mai gyaran rediyo. Shi ya kai har inda aka fito da jak na ɗaga mota, daga nan aka ji munshari.

Baba ba ya fushi. Amma kwanan baya wani abu ya fara damunsa. Wata rana yana tsakiyar labari ya nemi launin motar a kansa ya rasa. Daga baya ya dawo masa, kore ne, amma ya tsorata. In launi zai iya guduwa, ƙarshen ma zai iya, ga shi bai taɓa fitowa daga bakinsa ba tunda babu kunnen da ya taɓa kaiwa can. Shi kuma ba ya magana shi kaɗai, ya ce wannan sai wanda ya taɓu.

Ana cikin haka 'yarsa ta haifi namiji.

Wani yammaci falo ya cika da masu zuwa ganin jariri. Tun safe yaron bai runtsa ba, daga wannan hannu sai wancan. Ya sha nono, an canza masa kunzugu, jikinsa ba zafi, amma ihu yake kamar an tsikare shi. Ya yi hamma, ya kawar da fuska, ya dunƙule hannu, ya banƙare. Kowa a falon ya zama gwani. Gwaggon mai jego, wato ƙanwar Baba, tana kaɗa masa makullai a fuska. Uban yaron ya kunna masa waƙa a waya. Wata maƙwabciya tana tafi tana kiransa da sunaye iri-iri.

Baba ya leƙo ya ce, "Ku kawo shi nan mana."

Gwaggo ta ce, "Yaya, don Allah koma ka zauna. Me ka sani game da jariri? Taya ce?"

Aka yi dariya. Mai jegon ce kaɗai ba ta yi ba. Idanunta sun faɗa, ita ma rabonta da barci tun shekaranjiya. Ta miƙe ta ɗora masa yaron a hannu.

"Baba, riƙe mini shi in wanke fuska. Don Allah kar ka yar da shi."

"Uwata, buhuna nawa na ɗauka ban yar ba?"

"To wannan ba buhu ba ne."

Maganar gaskiya, Baba bai san komai game da renon jariri ba. Lokacin da aka haifi nasa yana kan hanya. Abin da ya gani kawai shi ne, ga mutum a hannunsa wanda ba shi da ƙafar guduwa kuma ba shi da waya. Sai ya juya ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa.

Ɗakin duhu-duhu ne, domin idonsa ba ya son haske, labule kullum a sake. Fanka na juyawa tana ƙugi a hankali. Don tsoron kada kayan mutane su zame, ya ɗauko zanen da aka yafa wa yaron ya naɗe shi tsaf, hannuwa a ciki, kamar yadda yake ɗaure tamfal a kan lodi. Ya zauna bakin gado ya kwantar da shi a ƙirji. Ƙafarsa ta hagu dama ba ta zama shiru, tun zamanin taka kuloci take karkarwa, sai jikin duka ya ɗauki jijjiga.

Yaron ya ƙara tsala ihu.

"Tukuna, abokina," in ji Baba. "Ban ma fara ba. To. Gari ya waye, na duba ruwan lagireto..."

Wajen baƙin mai ihun ya koma kuka. Wajen ƙwanƙwasa tayoyi kukan ya koma shessheƙa. Da aka hau gada, hannun da ke dunƙule cikin zane ya saki. Tayar ta fashe ba tare da murya ta ɗaga ko kaɗan ba. Aka fito da jak. Baba ya duba ƙasa, ya ga ido a rufe, baki a buɗe.

"Kai ma a nan? Kai da mai rediyo jirgi ɗaya ya kwaso ku."

Ya yi shiru, ransa ya ɗan sosu. Yana yin shiru yaron ya motsa, ya yamutsa fuska, ya fara jan numfashin sabon kuka. Ba shiri Baba ya ci gaba. Haka ya wuce jak, ya shiga inda harshensa bai taɓa takawa ba. Ya yi ta lalube, yana tsoron ya tarar da wurin wayam. Sai ya tarar komai na nan.

Yana durƙushe yana ɗaga mota, in ji shi, sai ga wata yarinya ta hauro daga rafi da bokiti a ka. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Malam, jak ɗinka a karkace yake." Ya ce mata ta wuce, aikin maza ne. Bai rufe baki ba jak ya zame, mota ta zauna daram. Ta yi dariya har ruwan bokitin ya jiƙa mata kafaɗa. Tana da wushirya.

"Ita ce kakarka, Allah ya jiƙanta," in ji Baba. "Ƙarshen ke nan."

Ya ɗaga kai. Ashe 'yarsa ta shigo duba ɗanta, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Ya buɗe baki zai tambaye ta ko ta ji, sai ya ga kanta ya langaɓe, barci ya yi awon gaba da ita tun tuni.

Gwaggo ta turo ƙofa a hankali, ta dubi uwa, ta dubi ɗa, ta ce cikin raɗa, "Yaya, me ka ba su?"

"Labari."

"Allah sarki, bayin Allah," in ji ta, ta ja ƙofa ta je ta sallami baƙi.

Tun daga ranar, da yaron ya fara hamma yana kawar da fuska, ba a jiran ihu, ɗakin Baba ake kai shi. Kullum sai Baba ya kai ƙarshe, har bokiti, har wushirya, bai sake rasa ko launin motar ba.

Wata rana 'yar ta zo ɗaukar ɗanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wai Baba, yaya aka ƙare da tayar nan ne?"

Ya gyara zama, ya nuna mata kujera.

"To. Gari ya waye, na duba ruwan lagireto..."

Ta yi ƙoƙari. Ta kai har baƙin mai.