Kyamarar Maƙwabcinmu

Shekarar da na ɗauko mahaifiyata daga Kano ta zo ta zauna da ni a garin Clinton, can ƙasar waje, filin da ke bayan gidanmu ne ya zame mata tsakar gida. Nan take cire ɗankwali ta sha hantsi, nan take shanya kuɓewar da ta yanka, nan take taje gashinta. Ni kuwa tun safe nake tafiya asibitin da nake aikin ba da magani, sai la'asar sakaliya nake dawowa.

Maƙwabcinmu na hagu wani dattijo ne da ya yi ritaya, shi kaɗai yake zaune. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wata Asabar ina fitar da shara ya tare ni yana murmushi, ya ce, "Mamarki tana da dogon gashi. Ranar Talata ta daɗe tana taje shi, daga baya ta zauna ta yi kuka."

Na tsaya riƙe da ledar shara. Shingen katakon da ke tsakaninmu ya fi tsayin mutum. Kuma ni ban san Inna ta yi kuka ba.

Na zagaya baya na ɗaga kai, sai ga wata 'yar baƙar kyamara a ƙarƙashin rufinsa. Ba ƙofarsa take kallo ba. Tabarmar Inna take kallo, da tagar kicin ɗinmu.

Na roƙe shi ya juya ta, ya ce gidansa ne, tsaro yake yi. Bayan mako guda ya ƙara ta biyu, daidai saitin ɗakin Inna. Da muka sa labule mai kauri, na tsinci takarda a akwatin wasiƙunmu: me ya sa kuka rufe? 'Yan sandan da na kira suka ce in je kotu in nemi umarnin da zai hana shi.

Ranar zaman kotu dole na tafi da Inna. Alƙaliyar mace ce, mai magana a hankali. Dattijon ya zo da kwat, da wata ambulan a hammata. Don ya nuna ba abin kunya ya ɗauka ba, da kansa ya zaro hotuna ya miƙa. Suka bi hannu hannu har suka iso gabanmu.

Inna ta gyara tabarau ta duba na sama. "Wace ce wannan baiwar Allah, kai ba ɗankwali?" Sai ta ga zanenta. Ta ja mayafi har kan girarta.

Alƙaliya ta ba da umarni na wata shida: ya sauke kyamarorin, kada ya yi mana magana, kada ya taka harabarmu. A mota ina karanta wa Inna takardar da Hausa, ta katse ni.

"To hotunan fa, 'yar nan? Su nawa suka gani?"

Takardar ba ta faɗa ba.

Dattijon ya sauke kyamarorin a ranar. Ramukan kusoshi huɗu suka rage a bangon, kuma duk sanda na fita baya sai idona ya kai can. Inna ba ta sake fita ba. Da mayafi take girki, da shi take kwana. Wani lokaci tana tsaka da lazimi sai ta waiga ta dubi kusurwar silin, ta daɗe tana kallo, har ni ma in duba.

Kafin wata shidan ya cika ta ce in saya mata tikitin komawa Kano. Dattijon ya sayar da gidan a shekarar da ta biyo, ban san inda ya koma da ambulan ɗinsa ba.

Yanzu duk Juma'a nake kiranta. In na manta na danna kiran bidiyo, sai ta kife wayar a cinyarta, in ji muryarta daga cikin duhu tana cewa, "Kashe hoton nan, ina jin ki."