Injin Ƙanƙarar Malam Idi

Har in koma ga Allah ba zan manta da Litinin ɗin da na koma aiki bayan takabar maigidana Malam Idi ba. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, don ku da kuka shigo aikin bayanmu ku ji.

Mun yi shekara goma sha bakwai muna aiki a wani gidan tsofaffi da ke kan tudu, yamma da birnin Lyon a ƙasar Faransa. Daga Vaulx-en-Velin muke tasowa, mu hau metro, jirgin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, mu hau bas. Ni ina sashen wanki, shi yana kula da fili. Cikin kayan aikinsa akwai ƙaramar tarakta da ake ɗaura wa inji a gaba lokacin sanyi. Injin yana da wani ƙarfe mai murɗiya da ke juyawa, ya kwashi dusar ƙanƙara ya feso ta gefe, hanya ta buɗe wa motar asibiti. Shekara goma sha huɗu Malam yana riƙe da shi.

Ya kwanta ciwo a watan Agusta, ya rasu a Satumba. Allah ya jiƙansa. Har yau in na ji ƙarar tarakta sai hawaye ya zo mini, ba na kuma ɓoyewa.

Ranar da na koma, ƙanƙara ta kwana tana zuba. Na iske Sani, mutumin Damagaram da aka ɗauka a gurbinsa, tsugune gaban injin. Bayan ya yi mini gaisuwa, ya ce sau huɗu ke nan bulon, wato ƙusar ƙarfe mai noti da ke riƙe murɗiyar, yana karyewa cikin sati guda. Shef, wato shugaban sashen gyara, ya sayo wasu masu tauri, ya ce a sa su, in kuma injin ya sake tsayawa a kai shi bola. Shef ɗin ma ya ce da alama wanda ya riƙe shi a da lallaɓa shi kawai yake yi, yana ɓoye lalacewarsa.

Wannan maganar ce ta hana ni shiga ɗakin wanki. Na nufi shef, ga faransancina na kasuwa, Sani yana cika mini. Na gaya masa bulon ɗin da gangan aka yi shi mai laushi, don in injin ya ci karo da dutse shi ya karye, haƙoran ciki su tsira. In aka sa mai tauri, cikin injin ne zai tafi. Ya ce ya san wannan, amma inji mai lafiya ba ya cin huɗu a sati.

Na ce, "Inji lafiyarsa lau. Hanyar ce ba a taka ba bana."

Sai na yi masa bayani. Kowace kaka, kafin sanyi, Malam yakan bi hanyar da ƙafa tun daga ƙofa har gindin tudu. Ya tsince duwatsu, ya kafa sanduna masu jan kai a duk inda bakin kwalta ya taso ko murfin lambatu ya ɗago. A lokacin hutun cin abinci yake yi, ni nake riƙe masa sandunan, shi ya sa ba wanda ya san aiki ne. Bana ba a kafa ko ɗaya ba, Sani yana ta afka wa abin da ba ya gani.

Shef ya duba agogo, ya ba mu zuwa sha biyu.

Sandunan suna bayan garaji inda Malam ya ɗaure su. Sani ya mayar da bulon mai laushi, ya ce, "Inna, sanyin nan zai kayar da ke." Na ce ya hau ya biyo ni, ya bar tazara. Na shiga gaba, ƙanƙara har ƙwauri, ina tunawa ina kafawa. Ga kwanar da dutsen gefe ya karkace, ga lambatu biyu kusa da itacen nan mai ƙaya. Wuri ɗaya na rikice, na tsaya ina kuka, don a nan yakan tsokane ni wai ina riƙe sanda kamar muciya. Na share fuska, na caka ƙasa har na ji ƙarfen murfin lambatun.

Sha ɗaya da rabi muka kai gindin tudu. Ko sau ɗaya injin bai tsaya ba.

Da rana shef ya zo ɗakin wanki da takarda, ya cire hula, ya tambaye ni me kuma Malam yake yi. Na faɗa masa: wanke gishiri daga jikin injin bayan kowane fita, giris a wurare shida, ɗaga bakin injin kaɗan in an zo kan tsakuwa, ajiye shi kan katako da bazara. Ya rubuta duka, aka manna a bangon garaji. Injin ya ƙara shekara biyar har na yi ritaya na bar shi yana aiki.

Abin da na koya shi ne, ƙarkon inji yana wurin mai riƙonsa, kuma yawancin wannan aikin ba ya cikin takardar kowa. In kun gaji wani a wurin aiki, ku tambayi abin da yake yi lokacin da ba a kallonsa. Takardar nan ban iya karanta ta ba, amma Sani ya ɗora yatsana a layin farko, ya ce nan ne sunan Malam Idi.