Dutsen Sirajo: Rayuwar Mai Kwashe Ɓaraguzan Maraɗi

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Sirajo ɗan Danda a shekarar 1961, a Garin Maiwada, wani ƙaramin ƙauye da ke kusa da Kanan Bakashe cikin ƙasar Mayahi. Mahaifinsa Danda mahaƙin rijiya ne, mahaifiyarsa A'ishatu kuwa 'yar manoman Baudeta ce. Cikin 'ya'ya bakwai da Allah ya ba su, biyu ne suka rayu: Sirajo na fari, da autarsu Rakiya, wadda aka haifa a 1970.

Ba za a fahimci rayuwar wannan bawan Allah ba sai an san ƙasar da ya fito. Garin Maiwada rairayi ne zalla, mutum zai wuni yana yawo bai tsinci dutsen da zai jefi akuya da shi ba. Mata kan girke tukunya bisa curin ƙasar suri, wanda ke marmashewa kafin wata ya ƙare. Rijiyar garin kuwa, mai zurfin gaba talatin, da itace ake tokare bangonta, gara ta ci itacen, rairayi ya zubo. Da wuya ta ga damina uku ba ta rufta ba, kuma duk lokacin da ta rufta sai mata su koma ɗibar ruwa a wani ƙauye, tafiyar rabin wuni zuwa da dawowa.

Karatu

A 1967 aka kai shi makarantar allo wajen Malam Sharifu, bayan shekara guda kuma aka rubuta shi lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi. Ba za mu yi wa mamaci ƙarya mu ce ya yi fice ba. Malamansa sun shaida kansa na ja, sai dai zama wuri ɗaya ne Allah bai rubuta masa ba, domin kafin a gama kiran suna ya riga ya leƙa taga sau biyar. Ya bar lakwal a 1973. A 1975 rijiya ta rufta da mahaifinsa har zuwa ƙirji, aka ciro shi da rai, amma bayan wata biyu ya cika.

Tsarabar 1979

A 1978 Sirajo ya shiga Maraɗi neman aiki, ya zama lebura a wurin masu gini. A nan ya ga abin da ya ɗaure masa kai: ana rushe tsohon gini, a kwashe guntayen kankare masu tauri kamar dutse a zubar a bakin hanya, ba mai ko waiwayensu. Shi da ya taso inda dutse ya fi nama wuyar samu, abin ya tsaya masa a rai.

Da daminar 1979 ya zaɓi gunduwa uku masu kyau na wannan kankare, ya ƙunshe a buhu, ya sha wahalar kai su gida domin mahaifiyarsa ta huta da murhun ƙasa. Matan gari suka yi ta zuwa kallo. Duwatsun sun kwana biyu a tsakar gida ruwan sama na dukansu, a rana ta uku aka girka tuwo a kansu. Wuta na kamawa sosai sai ɗaya ya fashe da ƙara, tukunya ta kife, wani guntu ya sami Rakiya a idon hagu tana durƙushe tana hura wutar. Shekararta tara. An kai ta likita a Mayahi, amma idon bai dawo ba.

Tun daga ranar, duk abin da ya zo da kyan gani kuma ya cuci mutum, a Garin Maiwada "dutsen Sirajo" ake ce masa, ko takalmi ne ko siriki. Rakiya ba ta taɓa zaginsa ba, abin da ya fi zagi ciwo shi ne ta daina kallonsa idan suna magana. Kunya da baƙin ciki suka kore shi daga garin kafin a yi girbi.

Shekarun yawo

Daga 1980 zuwa 1992 ba a san masa mazauni ba. Ya yi Damagaram, ya yi Kano, ya koma Yamai, ya sake komawa Kano, ko'ina ya kama aikin gini ya saki kafin a yi rufi. A Yamai ne, cikin 1986, ya yi aiki ƙarƙashin wani tsohon magini mai suna Tanko, ya kuma ba shi labarin murhun. Tanko ya ce, "Yaro, ruwan da ya sha ne ya tafasa a cikinsa, ya rasa hanyar fita. Kankare ba ya shiri da wuta. Amma ka jefa shi cikin ruwa shekara goma, ƙara tauri zai yi." Sirajo ya sha faɗi daga baya cewa a wannan rana ya gane kuskurensa: a murhu ya sa abin da ya kamata ya sa a rijiya.

Aure da iyali

A 1988 ya auri Fatiha, 'yar wani mai sayar da igiya a kasuwar Tasawa. Sun haifi Ilyasu a 1990, tagwaye Hassana da Hussaina a 1993, sai Abdul Razak a 1997. Hassana ta rasu tana goye. Fatiha mace ce mai haƙuri da kaifin harshe a lokaci guda, kuma ita ce ta ƙirga cewa sun sauya gida sau goma sha ɗaya. Takan ce ba ta taɓa dasa ko barkono ba, don ta san wani ne zai tsinka.

Sana'ar ɓaraguzai

A 1993 ya dawo Maraɗi, a daidai lokacin da tsofaffin unguwanni suka cushe, gida manne da gida, masu hali na rushe na ƙasa suna ɗora bene. Lungunan sun yi ƙunci, kamiyo, wato babbar mota, ba ya shiga, saboda haka ɓaraguzai kan ƙare a magudanar ruwa, damina na zuwa ruwa ya koma cikin ɗakunan mutane. Sirajo ya sayi jaki da amalanke, ya riƙa bin masu rusau yana kwashe musu kyauta, suna yi masa kallon wanda kansa ya taɓu.

A wani fili da ke bayan gari yake rarraba kayan. Ƙarfen da ke ciki ya fizge ya kai wa maƙera. Yaɓe da tubalin ƙasa ya ware domin cike kududdufin lungu, ya kuma hana su kusantar sauran, don ya ce su ne ke ruɓar da gini. Kankare na ainihi kaɗai ake fasawa da guduma, a tankaɗe da rariyar ƙarfe gida uku, a wanke. Magina suka fara saye suna ƙin faɗa, daga baya suka riƙa layi. Zuwa 2005 yana da amalanke shida da mutum goma sha huɗu masu fasa, kuma ƙurar wannan aiki ce ta sa masa tarin da bai sake rabuwa da shi ba.

Duk da haka mafi kyan tsakuwar ba ta sayarwa ba ce. Kowane wata yakan ɗora buhuna a motar da za ta koma Mayahi, daga can amalanke ta ƙarasa da su cikin rairayi, a zube a gabas da Garin Maiwada. Tsibin ya yi ta girma har yara suka mai da shi wurin wasa.

Roƙo uku

Burinsa shi ne a zuba zoben kankare da wannan tsakuwa, a jera daga gindin rijiya har baki, yadda ba za ta sake ruftawa ba. Ya kai maganar gaban mai gari Rabilu a 1999, aka ce a bari a yi shawara. Ya koma a 2008, bayan rasuwar mahaifiyarsa, mata suka aiko cewa ba za su zura 'ya'yansu kusa da dutsen da ke fashewa ba. A 2016 ya koma karo na uku, ya yi ta bayanin wuta da ruwa yana zagaya zauren, ya kasa zama a tabarmar da aka shimfiɗa masa. Mai gari ya ce, "Ɗan Danda, mun ji. Amma maganag ga ba tamu ba ce. Je ka hwaɗa wa mai ido guda, in ta yarda mun yarda."

A lokacin Rakiya ta zama uwar 'ya'ya biyar, kuma ita mata ke bi a duk abin da ya shafi ruwa. Ya same ta tana surfe. Ta saurare shi har ya gama, fuskarta na kallon turmi, sannan ta ce, "Yaya, wancan karon ma cewa ka yi mai kyau ne." Kafin ya bar garin ya zuba zobe guda ɗaya, ya sa aka mirgina shi cikin tafkin da ke kudu da gari, ya tafi bai ce wa kowa komai ba.

Ƙarshen rayuwa

A daminar 2022 rijiyar ta rufta har baki, kuma a wannan karo babu itacen tokarewa, domin itatuwan da suka rage a gonaki an hana sara. Mata suka shekara suna tafiyar rabin wuni. A bazarar 2023 tafkin ya ƙafe, zoben ya fito fili bayan shekara bakwai cikin ruwa da laka. Wata safiya Rakiya ta ɗauki taɓaryarta ta nufi wurin, mata na biye da ita. Ta ɗaga ta maka wa zoben da dukkan ƙarfinta, ta sake, ta sake. A bugu na huɗu taɓaryar ta tsage gida biyu, zoben ko gezau. Ta zubar da guntayen ta ce, "A aika Maraɗi a kira shi."

An fara haƙa sabuwar rijiya a watan Nuwamba na 2023, da simintin da samarin garin masu cirani suka haɗa. Sirajo na da shekara sittin da biyu, tari ya cinye shi, amma ba a iya hana shi sauka da igiya don duba kowane zobe ba. Fatiha ta zo daga Maraɗi ta yi faɗa, ta gaji, ta zauna tana dafa wa mahaƙa abinci. Waɗannan wata biyar su ne mafi tsawon zaman da ya yi a garinsu tun 1979.

Cikin zafin watan Afrilu na 2024 jikinsa ya ƙi, aka kwantar da shi a tsohon ɗakin mahaifiyarsa. Ranar Laraba da la'asar mahaƙa suka taɓo danshi a zobe na ƙarshe. Rakiya ta dumbuzo rairayin a hannunta ta kai masa, ta zuba a tafinsa, ta kuma tsaya tana kallonsa ido cikin ido. Ya matse rairayin ya tambaya ko an wanke tsakuwar zoben bakin rijiya, aka ce an wanke.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu ranar Alhamis, 18 ga Afrilu 2024, da hantsi. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidan mai gari, aka binne shi kusa da mahaifinsa Danda. Ya bar matarsa Fatiha da 'ya'ya uku: Ilyasu, wanda ke riƙe da filin fasa ɓaraguzai a Maraɗi, Hussaina, malamar lakwal a Tasawa, da Abdul Razak, magini a Mayahi, da jikoki takwas, da ƙanwarsa Rakiya. Allah ya gafarta masa, ya ba shi zaman da bai samu ba a duniya.

Da aka tashi wankan gawar, samari sun ɗaura jarkoki a amalanke za su je ɗibar ruwa a ƙauyen da aka saba. Rakiya ta ce su kwance jakin. Ta je bakin sabuwar rijiya ta zura guga da hannunta, ruwan ya fito jajir da laka, ta tace shi da mayafinta har ya cika tulu biyu. Shi ne ruwan farko da aka ɗebo daga rijiyar, kuma da shi aka wanke yayanta.