Lomar Nomau a Bangon Karakkai

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, mu uku, ni da abokin tafiyata da mai tuƙa mu, a wata tsohuwar Landiroba ta aro wadda sai an tura take tashi. Tsafe muka nufa. Ɗan fim ɗin da na ɗauka bara da damina, na gayyar noma a Karakkai, an wanko shi daga Kaduna, amma motar da ta ɗauko shi ta mace a tashar Tsafe. Fim ɗin na minti goma sha biyu ne kacal, kuma ranar Asabar jirgin ƙasa zai tafi da shi Ikko, wurin bikin nuna gajerun fina-finai. Sai dai akwai sharaɗi. Tun ranar ɗauka dagacin Karakkai ya ce ba inda hotonsu zai je sai sun gani da idonsu, in ko mutum ɗaya bai yarda ba, magana ta mutu. Ni kuwa na amsa.

Hanyar ba laifi, ban da ramukan da ke bayan Kwatarkwashi, inda kaina ya gaisa da rufin mota har sau uku. A tasha muka tarar da direban motar da ta mace yana kwance a inuwa, ya yi matashi da gwangwanin fim ɗina. Na zare abina daga ƙarƙashin kansa. Muka karya da waina, uku kwabo biyar, mai wainar tana ta lissafa mana da sule kamar ba a canza kuɗi ba.

A nan na warware bakin fim ɗin, muna ɗaga shi a hasken rana muna leƙawa. Abokin tafiyata, wanda shi ne zai kunna majigi, ya tsaya a wani wuri ya ce, "Wannan ba Nomau ba ne yake cin tuwo? Gonar wa aka nome ranar?"

Gonar Baba Anaruwa ce, uban matar Nomau, kuma Nomau ne ya kai masa gayyar. Da aka kawo tuwo ranar, tsohon ya janye can gindin tsamiya don surukinsa ya saki jiki ya ci. Ni kuma sarkin wayo na matso da na'ura na ɗauke shi tas, yana zuba loma, miya har gwiwar hannu. Abin da tsohon ya kauce wa gani, shi zan kafa masa a bango gaban duk gari. Kuma wurin ya fi ko'ina kyau a fim ɗin.

Muka juyo ta Gusau, muka ɗauki janareta da farin ƙyalle, muka miƙa Bunguɗu. Mangwaro ya yi arha a bakin hanya, amma ni ko ɗaya ban iya sha ba. Daga nan sai hanyar burji, har muka shiga Karakkai da la'asar sakaliya.

Nomau ya riga ya ji labari wurin waɗanda suka ga ana ɗauka. Ya tare ni bayan masallaci, fuska ba annuri. "Malam, in tsohon ga yag gan ni ina ci, wallahi ban yarda a kai shi ko'ina ba. Ina zan sa kaina?" Na ce masa zan rufe bakin majigi da hulata in an zo wurin. Na san hakan ma saɓa alkawarin dagaci ne, amma dabara ta ƙare mini.

Bayan magariba aka ɗaura ƙyalle a bangon dagaci. Baba Anaruwa yana sahun gaba a kan buzunsa. Da hoto ya fito, wuri ya ɓarke. Wannan ya ga jakinsa, waccan ta ga mijinta, wata tsohuwa har tana yi wa makaɗin gayya guɗa. Daɗi ya ɗebe ni, na saki baki ina kallon masu kallo, hula tana kaina. Kafin in farga, ga Nomau ya cika bango, da loma kamar kan jariri.

Aka kwashe da dariya, sai kuma kowa ya juya wajen tsohon. Ya sunkuyar da kai, rawani ya rufe fuska, yana jan wani irin minshari da ko akuya ba za ta yarda da shi ba. Ana wuce wurin ya farka.

Da aka gama dagaci ya tambaya ko akwai mai magana. Nomau ya yunƙura zai tashi, tsohon ya riga shi. "Ni dai na ga noma, na ga an gama gonata tun rana ba ta hwaɗi ba. Inda anka yi dariya barci yak kwashe ni, ban ga komi ba. A kai ma mutanen Ikko su ga aiki." Nomau ya koma ya zauna. Ni ma na zauna a ƙasa ina hamdala.

A ɗakin baƙin dagaci muka kwana. Da safe ana tura mota, tsohon ya matso taga ya rage murya. "Malam, kai da kaz zan kusa, miyar ta isa kuwa? Na ga yaron bai bar komi ga akushi ba."

Mun iso Gusau kafin azahar, ranar Asabar kuma na sa gwangwanin a jirgi da hannuna. Ban sani ba ko zai yi wani abin kirki a Ikko, kuma ban damu sosai ba. Na je Karakkai ina taƙamar na iya gani, na dawo na san akwai wanda ya fi ni, don shi ya san lokacin da ake rufe ido.